Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Ina Arzikin Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi Yake Tafiya?

 

A taron ƙungiyoyinmu na gama kai da muka yi bayan kaka, wani dattijo daga ƙasar Kurfi ya miƙe ya yi wata tambaya wadda ta sa ɗakin ya yi tsit. Ya ce shi ya noma gyaɗa tare da mahaifinsa tun ana biya da fam da sule. Ya noma auduga. Yanzu kuma 'ya'yansa suna noman riɗi da waken suya. Dukansu motoci ne suke zuwa su kwashe. Sa'an nan ya ce, "To, jama'a, shekara sittin ke nan ana ta kwasa. Ina arzikin yake tafiya? Gona ta gaji, itace ya ƙare, jakin ma babu."

Ba wanda ya amsa masa a ranar. Amma mun yi alkawari za mu bi sawun tambayar, mu kawo muku abin da muka samu. Ga shi kuwa mun kawo. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan shafi a gaban jama'a, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji, su ba da nasu ra'ayi.

Riba ba laifi ba ce

Da farko sai mu fahimci juna. Ba mu ce neman riba laifi ne ba. Mai kai tiya goma ta wake kasuwar Dutsin-Ma riba yake nema, mai ƙosai a bakin tasha ita ma haka. In ba riba, ba kuɗin makaranta, ba kuɗin magani.

Wahalar tana farawa ne sa'ad da mai cin riba yake zaune nesa da inda asara take faɗuwa. Kowane ciniki yana da littafi biyu. Akwai littafin mai saye, inda ake rubuta abin da aka biya da abin da aka samu. Akwai kuma littafin ƙasa, inda ya kamata a rubuta ƙarfin gona da ya tafi, da itacen da aka sare, da lafiyar da ta lalace. Na farko ana duba shi kowace shekara a manyan ofisoshi. Na biyun ba mai duba shi, gama ba mai riba ne zai biya ba. Mu ne za mu biya, ko 'ya'yanmu. Abin da masu iya magana suke nufi ke nan da suka ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari mu buɗe littafin nan na biyu, mu ga abin da ke ciki.

Zamanin gyaɗa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka fara ɗaukar kaya sosai a 1912. Turawan Ingila auduga suke so domin masaƙunsu, har sun kafa ƙungiya tun 1902 saboda wannan, wadda daga baya ta gina injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Amma a daidai lokacin masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi a Turai suna neman mai ido rufe, sai farashin gyaɗa ya fi na auduga daɗi. Manoman ƙasar Kano da Katsina suka rungumi gyaɗa.

Akwai kuma abin da ya tura su. Haraji da jangali sai da kuɗin Bature ake biya, kuɗin Bature kuwa yana hannun kamfanoni irin su UAC da John Holt da dillalansu. Wanda duk yake so ya kwana lafiya a lokacin haraji, dole ya keɓe wani ɓangare na gonarsa ya shuka abin sayarwa. Gonar da ta ɗauki gyaɗa ba ta ɗauki gero ba. Da damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta shigo a 1914 ta tarar da rumbuna da yawa ba su da tsimi.

Da kasuwannin duniya suka rushe a 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, amma haraji bai faɗi daidai da shi ba. Manomin da bai taɓa jin sunan birnin Niyok ba, sai ga shi yana jinginar da gonarsa saboda abin da ya faru a can.

A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. An ce za ta kare manomi daga hawa da saukar farashi. Abin da ta yi shi ne, shekara da shekaru tana sayen gyaɗa a ƙasa da farashin duniya, tana ajiye rarar. Gaskiya ne an yi wasu ayyukan gwamnati da kuɗin. Amma kaɗan ne ya komo gonar da ta haifi gyaɗar. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, dalar gyaɗa guda a Kano tana ɗaukar buhu har 15,000. Kowane buhu kuwa ya tafi da wani abu na ƙarfin jigawarmu. An tuge gyaɗa da saiwarta, an kwashe harawa, an rage barin gona ta huta.

Sai fari ya zo daga 1972 zuwa 1974. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye wajen hekta 700,000 a Arewa. Dalar gyaɗa ta ɓace. Kamfanonin Turai ba su rufe ba, sun juya ga waken suya na Amurka da Barazil da manja na Malesiya. Gwamnati ta riga ta juya ga man fetur. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin gaba ɗaya. Manomi shi kaɗai ne ba shi da wurin juyawa, gama gona ba ta tashi ta bi kasuwa.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Da kuɗin fetur ya yi yawa, sai aka shiga gina manyan madatsun ruwa. Namu shi ne Zobe, a kan kogin Karaɗuwa, kudu da Dutsin-Ma, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An gama ginin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Tsawon bangon ya kai mita 2,750, yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. An tsara zai shayar da gonaki hekta 8,000, watau wajen eka 20,000, ya kuma ba birnin Katsina da garuruwan hanya ruwan sha.

Kowa a nan ya san abin da ya biyo baya. Bango ya tsaya, ruwa ya taru, ya cinye gonaki da fadamun da ke bayansa. Amma magudanan da za su kai ruwa gonaki ba a kammala su yadda aka tsara ba. Aikin ruwan sha kuwa sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashinsa na farko. Daga 1983 zuwa 2021 shekara 38 ke nan. Jaririn da aka haifa shekarar da aka gama bangon ya yi aure, ya kai 'ya'yansa makaranta, kafin famfo ya kawo ruwan.

Me ya sa haka? A ganinmu, babbar riba tana cikin gina bango. Nan ne ake ba da kwangila mai tsoka, a shigo da manyan injina, a biya, a watse. Haƙa ƙananan magudanai, da yashe su kowace shekara, da zama da manoma a raba ruwa bisa adalci, aiki ne mai cin lokaci wanda ba ya cika aljihun kowa da sauri. Don haka ba mai gaggawa a kansa.

Manoman Makera da Garhi da sauran ƙauyukan bakin ruwa ba su zauna jira ba. Sun sayi injinan ban-ruwa da kuɗinsu, suna noman tumatir da tattasai da albasa da alkama. Amma inji da fetur yake aiki. Da aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, waɗansu suka rage fadin gonarsu ta rani.

Duk da haka namu da sauƙi in an gwada da Bakolori, kusa da Talata Mafara. A 1969 masanan abinci da noma na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawara a yi ƙaramin aiki, a bi a hankali. Aka bar wannan shawara, aka ba kamfanin Impresit, mai alaƙa da Fiat na Italiya, babban aiki, aka gama madatsar a 1978. Dubban iyalai suka rasa gidaje da gonaki. Waɗanda ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da ke jiƙa fadamunsu na shinkafa, kifi ma ya ragu. Da manoma suka tare hanya suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980. Gwamnati ta ce mutum kaɗan ne suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Kamfani dai an biya shi.

Ina jakunanmu?

Tambayar dattijo ta ƙarshe a kan jaki ce. Yara na yanzu ba za su yarda ba in an gaya musu cewa dā da wuya ka shiga gida a ƙasar Yandaka ko ta Maraɗin Katsina ba ka ga jaki a turke ba. Shi ne mai kai taki gona da bazara, mai ɗauko dami da kaka, mai jan ruwa, mai kai mara lafiya bakin titi.

A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai kama da ƙaro, ana kiransa ejiao, ana sayar da shi da tsada a matsayin maganin ƙara jini da gyaran jiki. Da masu kuɗi suka yawaita a can, sai buƙatarsa ta ƙaru. Jakunan Sin, waɗanda suka kai wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990, suka ragu ƙasa da rabi. Sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Daga kasuwanni irin su Mai'aduwa da Maigatari ake loda jakuna a manyan motoci zuwa Kudu, musamman Jihar Ebonyi, a yanka, a ci naman, fatar kuma ta haye teku.

Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, bayan ta ga an fitar da 80,000 kafin shekarar ta ƙare, alhali a 2015 27,000 ne aka fitar. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa a hana yanka jakuna domin fata a nahiyar duka. Amma doka a takarda daban, kasuwa daban.

Ku lura da lissafin. Jaka tana ɗaukar ciki wajen wata 12, ta haifi ɗa guda. Mota guda kuwa tana kwashe abin da ƙauye ya tara cikin shekaru. Wanda ya sayar da jakinsa ya ga kuɗi masu kauri, ya yi murna. Da bazara ta zo ya nemi wani, sai ya tarar farashi ya wuce ƙarfinsa. Taki ya zauna a bayan gida bai je gona ba, gona ta rage bayarwa. Kayan da jaki yake ɗauka ya koma kan mata da yara, yarinya ta makara zuwa makaranta domin tana ɗiban ruwa. Duk wannan ba ya cikin littafin mai sayen fata.

Guba a turmi, guba a buhu

Bayan rikicin bankunan Amurka na 2008, masu kuɗin duniya suka ruga sayen zinariya, farashinta ya hau. A ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara manoma suka ga haƙar zinariya ta fi noma kawo kuɗi. Suka riƙa kawo duwatsu cikin gida ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi. Ashe duwatsun cike suke da dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai suka kamu. Zinariyar ta tafi, kaburburan suna nan.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin ana zuba fiya-fiya a buhun wake ba? Mai sayar da magani yana so ya sayar da kwalba da yawa, ba ya tambaya ko mai saye ya iya karanta abin da ke jikinta. Mai ajiyar wake yana so kada ƙwaro ya taɓa masa kaya kafin farashi ya tashi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan guba a cikinsa. Su sun sami ikon ƙi. Waken da suka ƙi, mu da 'ya'yanmu muka ci.

Daji da hayaƙi

Haka zancen itace yake. Gari yana girma, gidan burodi da mai tuwo-tuwo suna son itace da gawayi, mota tana shiga daji ta fito da marke da kirya. Mai mota ya ci riba yau. Iskar bazara kuwa ta sami hanya, tana kwashe ƙasar sama, tana binne shuka da yashi. Makiyaya da burtali suka matse, manomi da makiyayi suka fara kallon juna da wani ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Satar shanu da satar mutane a kewayen Dajin Rugu su ma sun zama kasuwa, da mai kawo bindiga, da mai kai fetur, da mai sayen shanun sata. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da dabbobi a wasu kasuwanni har da ta Dutsin-Ma, ta hana motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma yanke layin waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Talaka mai akuya guda ta sayarwa shi ma ya sha wuyar wannan.

A sama da duka kuma ga hayaƙin masana'antu da motocin manyan ƙasashe, wanda masana suka tabbatar yana ƙara wa duniya zafi, yana rikita damina. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba. Amma mu ne masu zuba ido ga gajimare, mu ne ruwa ke yanke wa ana tsakiyar bunni, ko ya zo da ƙarfi irin na Jibiya a watan Yuli na 2018, wanda ya kashe sama da mutum 40.

Mu ma da namu hannu a ciki

Zai yi daɗi mu ɗora laifin duka a kan Bature da mutumin Sin da ɗan kwangila. Amma gaskiya ɗaya ce. Ba wanda ya zo da bindiga ya ƙwace jakinmu, mu muka kai shi kasuwa. Mu ne muke sare gawo domin kuɗin cefane na mako guda. A cikinmu akwai mai ba ɗan'uwansa tiya ɗaya a watan Agusta, ya karɓi biyu da kaka, har ya kai ga riƙe masa gona jingina. Abin da babban kamfani yake yi wa ƙasa, shi ne wannan yake yi wa maƙwabcinsa, bambancin girma ne kawai. Mun sani sau da yawa talauci ne ke tilasta mutum ya sayar da abin da bai so ba. To, aikin ƙungiya ke nan, ta tsaya tsakanin ɗan'uwa da wannan tilas.

Abin da mutanen Maraɗi suka yi

Akwai labari mai ƙarfafa zuciya daga 'yan'uwanmu Hausawa na tsallaken iyaka. A farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. An kashe kuɗi da yawa ana dasa itatuwan waje, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona na mishan ɗin SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ce. Tohon kututturan itatuwa ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi an bar su, an yanke sauran, sai su zama itace cikin 'yan shekaru, ba ban-ruwa, ba sayen iri.

A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu. Masanan da suka gwada hotunan sama na dā da na baya sun ƙiyasta cewa cikin shekara ashirin da 'yan kai an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ku lura, su ma riba suka nema. Sun sami itacen girki, da abincin dabbobi, da ƙarin gero a gindin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana da taki. Bambancin shi ne mai cin ribar da mai ɗaukar asarar mutum ɗaya ne, a gona ɗaya yake tsaye. Don haka yana duba littattafan nan biyu tare.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ba mu da ikon sa farashi a Landan ko Beijin. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma akwai abin da ke cikin ikonmu.

1. Rumbun tsimi. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da aka amince da kaka. A ajiye har watan Yuli da Agusta, a ba mabukaci rance da ƙari kaɗan wanda jama'a suka yarda da shi. Makulli biyu, a hannun mutum biyu, ɗayansu mace. A karanta lissafi a fili kowane wata.

2. Sayarwa tare. Kada kowa ya kai buhunsa shi kaɗai a makon da kasuwa ta cika. A tara, a auna da sikelin ƙungiya, a aiki mutum biyu su ji farashi a Dutsin-Ma da Charanchi da Katsina kafin a yi ciniki.

3. Abinci tukuna. Kafin a ba riɗi ko waken suya fili, magidanci ya lissafa damin da gidansa ke ci a shekara, ya keɓe gonar da za ta ba da shi. Darasin Kakalaba ke nan.

4. Sassaben zamani. Bana kowa ya gwada a eka guda. A kututturen sabara, ko kalgo, ko gawo, a bar reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a share na gefe. A sanar da mai unguwa da makiyayan da ke kusa, a yi yarjejeniya a kan sassaƙar ganye, domin su ma su ga nasu amfani.

5. Jakar ƙungiya. A daina sayar da jaka mai haihuwa. Inda jakuna suka ƙare, a haɗa kuɗi a sayi guda, ɗan fari a ba wanda ƙuri'a ta faɗa wa, shi ma ya ba na gaba.

6. Wake ba guba. A shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun PICS mai ciki uku, ko a jarka ko durom mai murfi, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaro zai mutu da kansa. Kwalbar maganin feshi kuwa kada a zuba mai ko ruwan sha a cikinta har abada.

7. Murya ɗaya. Ƙungiyoyin da ke kusa da Zobe su haɗa kai da maƙwabtansu Musulmi masu noman rani, gama ruwa ɗaya muke sha, su rubuta wa hukumar kogi da shugaban ƙaramar hukuma da wakilanmu a majalisa, su nemi a gaya musu a rubuce yaushe ne magudanai za su kai gonakinsu. A ajiye kwafin kowace takarda.

Daga yau kuma, duk baƙon da ya zo da sabon iri, ko sabon magani, ko takardar hayar gona, ko farashin da ya yi daɗi fiye da kima, a ba shi ruwa ya sha, a saurare shi da ladabi, sa'an nan a yi masa tambaya uku. Wa zai ci ribar? In abin ya ɓaci, wa zai ɗauki asarar? Bayan shekara goma, me zai rage a gonar? In ya amsa da kyau, a yi ciniki. In ya fara kame-kame, a sallame shi lafiya.

Tambayoyi domin taron wata

(a) Waɗanne itatuwa ne dattawan ƙauyenku suka sani a gonaki waɗanda yanzu babu su? Wa ya saye su?

(b) Jakuna nawa ne a unguwarku yau? Wa yake ɗaukar kayan da suke ɗauka dā?

(c) Mutum nawa ne a ƙungiyarku suka sayar da hatsi da kaka, suka sake saye da tsada da damina? Me za a yi bana kada a maimaita?

Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun magatakarda, za mu buga waɗansu a fitowa ta gaba. Ga dattijonmu na Kurfi kuwa, Baba, ga abin da muka iya samowa. In mun yi kuskure a gyara mana a taro mai zuwa. Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.